Ƙararrawar Gwaggo

Washegarin ranar da aka kai Gwaggo makwancinta, muna zaune a tsakar gida kan tabarmi, an zuba koko a kofuna ba mai sha, sai ƙararrawarta ta yi ƙara. Sau ɗaya, 'yar siririya, daga lasifikar da ke rataye a tagar ɗakinta, daidai lokacin da ta saba yi kowace safiya. Ɗakin kuwa a rufe yake, ba kowa a ciki.

Wata tsohuwa da ta zo daga Bakori ta saki kofinta ta hau salati. 'Yan mata suka yi zaure da gudu, ba ko takalmi. Maƙwabciyar Gwaggo, Bayarabiya mai sayar da atamfa, wadda ta daɗe tana jin ƙarar nan ta kan katanga, bakinta ya riga hankalinta, ta ce, "Mun ji, Hajiya, ina kwana," sannan ta toshe bakin da gefen ɗankwali. Yaya, wato ɗan Gwaggo namiji tilo, ya shigo daga wajen maza da hula a hannu, ya tsaya yana kallon tagar.

Mutum ɗaya ce ba ta razana ba, matar Yaya. Tana bakin murhu da tsohon cikinta, ta ajiye ludayi, ta zauna a ƙasa dirshan, ta ce, "Kun ji ko? To kun ji da kunnuwanku." Sai a lokacin ta fashe da kukan da ta kwana tana haɗiyewa.

Ga abin da ya sa ta faɗi haka. Ita ce ta tarar da Gwaggo da hantsi, a kan sallaya, rai ya yi halinsa. Matar da ta yi mata wanka ta ce jikin ya riga ya yi sanyi, tun wajen asuba abin ya faru. Da babbar 'yar Gwaggo ta iso daga Zariya, inda take aure, sai ta tambayi abin da ya hana a leƙa uwarta har rana ta ɗaga. Matar Yaya ta ce ta ji ƙararrawar safe, alamar Inna, wato Gwaggo, ta tashi lafiya, shi ya sa ta ci gaba da aikinta.

"Wace ƙararrawa?" in ji babbar 'yar, a gaban mutane. "Gawa ce ta tashi ta buga miki?"

Yaya ya tafi gona tun da duku-duku, yara suna makarantar allo, ba wanda zai ce shi ma ya ji. Kafin magariba zance ya gama dangi: suruka ta bar tsohuwa ta cika ita kaɗai, ta kuma ɗora da ƙarya. 'Yan'uwanmu na Matazu, da suka juya a ranar, da wannan labarin suka tafi.

Ina zaune a wurin aka yi maganar, ban ce uffan ba. Ni ce nake koyar da kwamfuta a wata makaranta a Malumfashi, kuma kaf gidan ni ce ya kamata in tuna cewa inji yana iya buga ƙararrawa ba da hannun kowa ba. Bai zo min ba. Na dubi baiwar Allahn nan na ce a raina tsoro ne ya sa ta ƙirƙiro zancen. Har yau in na tuna kallon da na yi mata sai in ji kunya ta rufe ni.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina firamare. Sunan mahaifiyarta aka sa min, don haka Uwata take kirana, ko da kuwa ranƙwashi ne zai biyo baya. Doguwa ce, harshenta da kaifi, ba ta iya rarrashi da baki ba, sai dai ka ga ta turo maka kwano. Ta yi aikin buga tafireta a wani kamfanin auduga a Funtua tun zamanin da mace mai zuwa ofis abin nunawa ce da baki. Daga tafireta aka mai da ita kan injin teles, wanda ake buga saƙo a nan ya fito a takarda a wani gari. Tana yawan ba mu labarin cewa injin yana da ƙararrawa ta ƙarfe a cikinsa. In saƙon gaggawa ne, mai aikawa zai danna a Kaduna, ita kuma ta ji ƙara a Funtua. Ta ce abin bai taɓa daina ba ta mamaki ba.

Da kwamfuta ta zo kamfanin, irin mai baƙin allo da koren rubutu, wadda sai ka rubuta mata umarni take motsi, Gwaggo ta koya. Da ta yi ritaya ta samo tsohuwa guda ta kafa a ɗakinta, kusa da akwatin ɗinki. Na sha kai mata tayin ta zamani, mai hotuna da maus. Ta ce, "Ni yarinya ce da za a jera min hotuna in nuna wanda nake so? In ina da magana da inji, rubuta masa zan yi."

Abu na farko da ta koya min a baƙin allon nan shi ne wata alama, karkataccen layi mai jingine da baya, wato \. Ita tsinke take ce masa, kuma har gobe haka nake kiransa a gaban ɗalibaina, suna dariya.

"Kin ga wannan, Uwata? Shi kaɗai ba ya tsinana komai. Amma harafin da ya biyo bayansa ya tashi daga harafi, ya zama aike."

Ta rubuta printf 'Funtua\nBakori\n' ta danna. Na ga n ɗin ya ɓace, Bakori ta sauko layi na ƙasa. Ta canza shi da \t, Bakori ta yi tsalle gaba ta bar fili a tsakani. Sannan ta kalle ni ta gefen ido, ta rubuta printf '\a'. Allon bai nuna komai ba, amma injin ya yi tsuwa, na zabura har kujera ta kusa kifewa. Ta yi dariya har da hawaye.

"Ƙararrawar teles ɗin nan ce," in ji ta. "Ba ta mutu ba, ɓoye ta suka yi a bayan tsinke."

Tsinken yana da aiki na biyu, kishiyar na farko. Akwai alamomin da injin ya riga ya ɗauka a matsayin umarni. Gurbi tsakanin kalmomi yana nufin an gama wannan suna an shiga wani, tauraro kuma yana nufin duka abin da ke wurin. In kana son inji ya ɗauke su a yadda suke, gurbi gurbi ne kawai, tauraro tauraro, sai ka sa tsinke a gabansu. A nan na fi shan ranƙwashi. In na ce ai ta san abin da nake nufi, sai ta ce, "Ni na sani. Shi inji bai san nufinki ba, abin da kika rubuta ya sani."

Maƙwabciyar nan mai atamfa ta ba mu wani labari a zaman makoki, wanda ban taɓa ji daga bakin Gwaggo ba. Ɗanta ya rasu a haɗarin mota a hanyar Zariya, aka kawo mata katin wayarsa cike da hotunansa. A ciki akwai bidiyo guda da wani ya ɗauka a wurin haɗarin, aka tura cikin katin. Ba ta son ganinsa, ba ta kuma yarda ta miƙa katin ga yaran shagon waya ba, kar su share mata ɗa gaba ɗaya. Sunan bidiyon yana da gurbi da tauraro a ciki, wato irin sunan da in hannu ya kuskure, injin zai kwashe komai. A lokacin idon Gwaggo ya fara rauni. Ta zauna ta rubuta sunan harafi bayan harafi, tsinke a gaban gurbi, tsinke a gaban tauraro. Ta sa injin ya fara nuna abin da zai taɓa tukuna, ta ce wa matar, "Karanta min da ƙarfi. Guda ɗaya ne ko?" Sai da ta ji e, sannan ta goge. Ta mayar mata da katin ta ce, "Ga ɗanki nan yana dariya. Tashi ki je, kina tsare min haske."

Shekarun baya aka yi wa Gwaggo aikin maƙoƙo, muryarta ta dushe, ba ta ƙara kaiwa tsakar gida ba. Gwiwa kuma ta sa ta gaba. Mace mai son ba da umarni irinta, a ce ba a jin kiranta, ai abin bai yi ba. Ta sa mai gyaran rediyo ya ja waya daga cikin injin zuwa tsohuwar lasifika a taga, Yaya kuma ya haɗa mata sola don kar injin ya riƙa mutuwa. Ta kafa doka. Ƙara ɗaya da safe: na idar da lazimi, a shigo a gaishe ni. Biyu: a kawo ruwan zafi ko koko. Uku: a zo yanzu. Ta nuna min yadda take sa injin ya ɗan numfasa tsakanin ƙara da ƙara, don in aka jera \a a haɗe sai su cure su zama ɗaya.

Ku lura, ƙara ɗaya kira ce. Da farko kuwa haka aka ɗauke ta. Yaya ya shiga ya durƙusa, matarsa ta shiga, yara su jeru. Ban san ranar da abin ya fara zamewa ba. Wataƙila wata kaka ce, ana casar masara a gonar Yaya ta hanyar Maska, mai inji yana jira, leburori suna jira. Aka fara amsawa daga tsakar gida: "Mun ji, Inna, ina kwana!" A hankali ƙara ɗaya ta tashi daga "ku shigo" ta koma "lafiyata ƙalau, ku tafi". Ba wanda ya zauna ya yanke haka, kowa dai ya ga sauƙinsa ya bi.

Ta yi faɗa a kai sau ɗaya, ina nan. Yaya ya tayar da babur, ya ɗaga murya ya gaishe ta daga bakin zaure. Ta buga uku. Ya kashe babur ya shigo da sauri, a zatonsa faɗuwa ta yi. Ya same ta zaune daram.

"Ni shingen hanya ce da za ka ɗaga min hannu ka wuce?" in ji ta da dusasshiyar muryarta.

"Inna, mota ce ke jirana a gona."

"To je ka. Masara ta fi ni saurin lalacewa."

Ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya yi sati yana shiga. Daga nan aiki ya sake cin ƙarfinsa. Ba mugun ɗa ba ne, wallahi. Maganinta bai taɓa yankewa ba, naman kasuwar Bakori ita ake fara ɗibar wa. Shigar ce dai ta gagara.

Ni ma da nake ba da labarin nan ba ni da bakin magana. Muryar Gwaggo ba ta fita a waya, sai na koma kiran matar Yaya. "Ta buga?" "Ta buga." "To madalla, ki gaishe min ita." Shi ke nan na sauke nauyi, in kama harkata da zuciya wasai. Malumfashi zuwa Funtua kuwa, mota ɗaya ce.

Bayan ƙararrawar ta yi a gaban masu makoki, Yaya ya miƙo min makulli, na shiga ɗakin. Ƙamshin man zafinta yana nan. Na taɓa madanni, allon ya farka. Ban sha wahalar nema ba: ta sa umarnin nata, printf '\a', a cikin ayyukan da injin ke yi da kansa kullum a lokaci guda, ta kuma nuna masa allon da zai aika shi don ƙarar ta fito. Aiki tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Injin zai iya gaya min ranar da ta shirya haka. Na ɗora yatsuna zan tambaye shi, sai na janye. Ban so in san safiya nawa muka yi muna gaisawa da inji ba.

Na fito na yi wa mutane bayani cewa ba aljani ba ne, ba kuma fatalwa ba, Gwaggo ce ta saita shi tun tana da rai. Matar Yaya ta ce ta tuna wata rana, farkon cikin nan, ƙararrawa ta makara, ta taho da gudu har ta yi tuntuɓe a bakin ƙofa. Ashe gwiwa ce ta hana Inna tashi daga gado zuwa tebur. Inna ta ce mata, "Ki daina gudu da cikin nan. Daga yau in kin ji ƙara, ki yi aikinki." Mata suka ce Allah sarki, tausayi ne. Ni ma na yarda tausayi ne. Amma na san Gwaggo, kuma wani sashe na zuciyata yana ce min ta so ta ga wanda zai shigo ko da ya ji ƙarar.

Babbar 'yar ta ce, "To ai ko ta ji, sai ta leƙa." Ita ma rabonta da gidan tun babbar salla, kuma ta sani.

Da yamma Yaya ya kira ni zaure. Idanunsa sun yi ja.

"Ki kashe abin nan. Ba zan iya ƙara jin sa ba. Ji nake kamar da ni yake."

Na ce to. Ina komawa ciki matarsa ta tare ni a bayan rumbu, ta riƙe min hannu.

"Don girman Allah kar ki kashe sai an yi bakwai. Mutanen Matazu sun tafi da cewa ni maƙaryaciya ce. In an gaya musu ba za su yarda ba, za su ce rufa min asiri aka yi. Ki bari su dawo su ji da kansu. Ba ni da wani mai shaida sai shi."

Na tsaya tsakanin su biyu. Ƙarar da ke ƙona shi ita ce ke wanke ta. A gidan nan za ta haihu, a cikin dangin nan 'ya'yanta za su tashi, kuma sunan da aka liƙa wa mace a ranar mutuwar uwar mijinta ba ya fita da wanki. Na riga na yi mata shiru sau ɗaya. Na koma zaure na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, sai bayan bakwai." Na gaya masa dalili. Ya ce, "Tana da gaskiya." Daga ranar, in ya tafi sallar asuba ba ya dawowa sai ya tabbata ƙarar ta wuce. Ina ganin sa yana shigowa da rana a ka, kamar baƙo a gidansa, ni kuwa na san ni na ja masa.

Ranar sadakar bakwai mutanen Matazu suka kwana a gidan. Da safe matar Yaya ta shimfiɗa musu tabarma a ƙarƙashin tagar, ta koma bakin murhu. Ƙararrawa ta yi. Duk da an riga an gaya musu, sai da suka zabura. Matar baffanmu, wadda ita ce babba a cikinsu, kuma ita ta fi kowa yaɗa zancen, ta aika a kira matar Yaya. Ta kama hannunta a gaban kowa.

"Yarinya, mun ɗauki alhakinki. Ki yafe mana."

"Na yafe, Baba," in ji ta. "Amma ni ma da na shiga."

"Dukanmu da mun shiga," in ji tsohuwar.

Da jama'a suka watse na koma ɗakin don in cika wa Yaya alkawari. Abu ne mai sauƙi, in goge layin gaba ɗaya. Na dube shi, layin da ta rubuta da idon da ba ya gani sosai, hannuna ya ƙi. Sai na goge tsinken kawai, na bar sauran yadda ta bar shi. Ba tsinke, a ɗin ya koma harafi kamar kowane harafi. Injin zai ci gaba da cika umarninta kowace safiya, amma maimakon ƙara, sai ya rubuta ƙaramin a a kan allo, shiru. Wanda ke tsakar gida ba zai san an yi ba. Na gaya wa Yaya abin da na yi, na ce in ya fi so in goge duka, in goge. Ya ce in bar shi.

Na dawo Funtua bayan an yi sunan jaririyar da matarsa ta haifa, wadda aka mayar wa sunan Gwaggo. Motar farko na biyo. Na tarar da babur ɗin Yaya a ƙofar gida, an ɗaure masa buhuna, yana jiran tafiya gona. Takalmansa kuwa suna bakin ɗakin Gwaggo. Na leƙa. Yana zaune a ƙasa, inda ya saba durƙusawa da can, allon a farke, ga jerin a sun yi layi, ɗaya na bin ɗaya.

"Na yau ya fito," in ji shi, bai juyo ba. "Kullum sai na shigo na gani kafin in fita."

Na cire takalmina na zauna kusa da shi. Muka zuba wa allon ido.

"Kin san wani abu?" ya ce. "Daga zaure zuwa nan, ashe ba nisa."

Allah Ya ji ƙan Gwaggo, Ya haskaka makwancinta, Ya sa tana inda ba sai ta kira kowa ba. Mu kuma Ya yafe mana safiyoyin da muka amsa mata daga nesa.